Wi-Fi ya ɓace bayan kwamfuta ta sabunta kanta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da laptop ta hannu mai Windows 11. Shekaranjiya da dare ta sabunta kanta, da safe na kunna sai na tarar babu alamar Wi-Fi gaba ɗaya, wani ɗan zane mai kama da ƙwallon duniya ne a gurbinta. Wayata kuwa tana hawa MiFi ɗin gida lafiya lau. Mai gyara ya ce sai an yi mata format ko a canja katin Wi-Fi, ga ayyukan makarantata duk a ciki. Mene ne shawararka? Ɗalibi daga Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ka dakata da maganar format tukuna, ɗan'uwa. Katin da ya yi aiki da dare ba kasafai yake mutuwa kafin asuba ba, kuma tunda wayarka na hawa MiFi, shi ma mun wanke shi. Wanda na fi zargi shi ne direba, wato 'yar manhajar da ke yi wa Windows tafinta da katin Wi-Fi. Sabuntawa takan zo da sabon direba ta ɗora a kan tsohon, wani lokaci kuma sabon bai dace da katin da ke cikin tsohuwar na'ura ba. Katin na nan da ransa, sun dai daina jin yaren juna ne.

Fara da mafi sauƙi: danna Restart, kada ka danna Shut down. Mutane na ɗauka duk ɗaya ne, alhali akwai bambanci. Windows na da wani tsari mai suna Fast Startup wanda, idan ka kashe na'ura, yake adana halin da direbobi ke ciki don ta tashi da wuri, sai ta farka da matsalar da ta kwana da ita. Restart ne ke tayar da komai daga tushe. Ka kuma duba ko hannunka ya taɓa maɓallin jirgin sama a allon rubutu. Abin dariya ne, amma na sha ganinsa.

Idan bai dawo ba, danna dama a kan Start ka buɗe Device Manager, ka shiga Network adapters. Nemi sunan da ke ɗauke da Wireless ko Wi-Fi, galibi na Intel, Realtek, MediaTek ko Qualcomm. In ka ga alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa a jikinsa, to ɓarawo ya shiga hannu. Buɗe Properties, sannan Driver, ka danna Roll Back Driver, tsohon direban zai dawo. Idan maɓallin ya dushe ba ya dannuwa, Windows bai ajiye tsohon ba ke nan. Sai ka zaɓi Uninstall device, amma kada ka sa alama a akwatin da ke cewa a goge direban, sannan ka yi Restart ya sake ɗora shi da kansa.

A nan ne mutane ke cijewa: ana buƙatar intanet a sauko da direba, direban kuma shi ne ƙofar intanet. Mafita tana aljihunka. Haɗa waya da laptop da igiyar caji mai ɗaukar data, ka kunna USB tethering a wayar, kwamfuta za ta ɗauke ta kamar igiyar intanet. Daga nan ka je shafin kamfanin da ya ƙera laptop ɗin, ka sa lambar samfurinta da ke rubuce a ƙasanta, ka sauko da direban Wi-Fi. Ni dai ba na ba da shawarar manhajojin nan masu alkawarin sabunta dukkan direbobi da dannawa ɗaya, ɓarnarsu ta fi gyaransu.

Ana kuma iya cire sabuntawar kanta. A Settings, ƙarƙashin Windows Update, akwai Update history, a ƙasansa Uninstall updates; cire wadda kwanan watanta ya zo daidai da daren da abin ya faru. In babbar sabuntawa ce ta shekara, kwana 10 kacal gare ka na komawa baya ta Recovery, kada ka yi sanya. Irin wannan ya taɓa faruwa a fili: a Disambar 2023 Microsoft ta amince cewa sabuntawar KB5033375 ta hana wasu kwamfutoci hawa Wi-Fi na jami'o'i da ma'aikatu, ta kuma janye canjin da ya jawo hakan. Bayan ka cire, dakatar da sabuntawa na mako ɗaya ko biyu. Kada ka rufe ta har abada, domin ta nan gyaran tsaro ke zuwa, a Talata ta biyu ta kowane wata.

Network reset shi ne na kusa da ƙarshe. Yana share duk saitin sadarwa, har da kalmomin sirrin Wi-Fi da ka adana, don haka rubuta na MiFi ɗinka a takarda kafin ka taɓa shi. Fayilolinka ba abin da zai same su.

Sai idan katin bai bayyana a Device Manager ba sam, ko bayan ka zaɓi Show hidden devices, kuma ka kashe na'urar, ka zare caja, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30 bai dawo ba, sannan maganar mai gyara ta canjin kati za ta yi nauyi. Ko a nan ma, ɗan Wi-Fi na USB da ake sokawa a gefe zai riƙe ka har ka gama zangon karatu. Kafin ka miƙa wa kowa laptop ɗin, kwashe ayyukanka ka zuba a filashi.