Tauraruwar da ke fitar da hasken eksire: za ta iya cutar da mu?

Tambaya: Malam barka da aiki. Na ji ance akwai tauraruwa mai suna Gamma Kasiyofiya da ke fitar da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, wato eksire, kuma wai haskenta na ƙaruwa yana raguwa. Gaskiya ne? Ba za ta yi mana illa ba?

Amsa: Gaskiya ne ɗan'uwa, amma ka kwantar da hankalinka, iskar da ta lulluɓe duniya tana tare hasken eksire kaf, shi ya sa ma sai da aka harba na'ura sama kafin a gano shi a wajen 1976. Ga kuma nisa, haskenta sai ya yi tafiyar shekara kusan 550 kafin ya iso mana.

Kai ma za ka iya ganinta. Da daddare lokacin sanyi in hazo ya yi sauƙi, ka fuskanci arewa za ka ga taurari biyar sun yi siffar harafin W ko M, to ta tsakiyar ce. Zafin fatarta ya kai digiri 25,000, ita kuwa rana bata wuce 5,500 ba, shi ya sa take fari-fat da ɗan shuɗi-shuɗi, kuma nauyinta ya ninka na rana fiye da sau goma.

Abin da ya fi burge ni shi ne juyinta. Tana katantanwa da gudun sama da kilomita 400 a daƙiƙa ɗaya, har tsakiyarta ta kumbura tana watso iskar gas, gas ɗin nan sai ya taru ya zama faifai ya kewaye ta, kuma faifan ba ya zama yadda yake, wani lokaci ya yi kauri wani lokaci ya watse, to nan ne hasken ke canzawa. A 1937 ta yi haske sosai, zuwa 1940 kuma ta dusashe har ido ma yana gane bambancin. Kar ka haɗa wannan da ƙyaftawar da taurari ke yi kullum, waccan motsin iskarmu ce. Tun 1866 masanin taurari Angelo Secchi na Italiya ya ga alamar gas ɗin a cikin haskenta.

Shi eksiren daga gas mai zafin digiri sama da miliyan 100 yake fitowa, kaga ashe ba fatar ba ce. Masana sun daɗe suna gardama, wasu sun ce maganaɗisun tauraruwar ne ke sarƙewa da na faifan. Ni dai na fi karkata ga ɗaya bayanin: tana da ƙaramar abokiya da suke zagaya juna duk kwana 203, in gawar tauraruwa ce da ta ƙanƙance kamar girman duniya, gas ɗin da take zuƙa daga faifan zai faɗa mata da ƙarfin da zai kai wannan zafin.