Amsar Bappa kan gaisuwar mutuwa ta waya

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce tunda mijin Goggonka ya rasu a Kumo ka rubuta addu'a a zauren dangi na WhatsApp, ka tura mata saƙon murya, ka aika kuɗin sadaka ta banki, to a al'ada ka fita ke nan, ko lallai sai ka taso daga Abuja? Da fari murmushi na yi, ganin yadda ka jero su kamar mai biyan haraji yana jiran rasit. Can kuma jikina ya yi sanyi, don yaron da aka yanke wa cibiya a gidanmu ne yake wannan tambaya. Duk da haka gara kai, sa'o'inka da yawa ko tambayar ba sa yi.

Saƙon muryar nan da kuke ganin ku kuka zo da shi, mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ya riga ku. A daminar 1983 Baba, kakanka, ya rasu. Lokacin muna cikin jihar Bauchi, sai a 1996 aka ba Gombe tata jihar. Yaya, wato mahaifinka, yana Agege a Legas yana dillancin shanu. Waya kuwa sai gidan waya ko ofisoshin gwamnati, ko ka samu ma wa za ka kira a zango? Limamin unguwa ya rubuta mana wasiƙa da ajami, muka ba wani direban babbar mota da ke kai shanu Kudu. Kafin takardar ta shiga hannun Yaya an yi sadakar bakwai.

Da direban ya dawo sai ga shi da ƙunshin goro, da 'yan kuɗi a ambulan, da kaset guda naɗe a ƙyalle. Ba mu da rikoda, sai da aka aro ta wani tela maƙwabcinmu, aka aike ni sayo batir. Bayan sallar isha aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka kunna fitilar ƙwai. Inna tana kan buzu da carbinta, tana cikin takaba, abokiyar zamanta na gefe. Matan maƙwabta suka cika ƙofar ɗaki, maza suka tsaya daga zaure suna kasa kunne. Goggonka, wannan da kake tambaya a kanta, lokacin budurwa ce, ta jingina da kafaɗar Inna.

Da aka danna, ƙarar motocin Legas muka fara ji, sai gyaran murya, sai sallama. Inna ta amsa da ƙarfi. Ya ce, "Inna, ya haƙuri?" Sai ya yi shiru. Muka ɗauka kaset ɗin ne ya tsaya, ashe da gangan ya bar mata wuri. Ta ce, "Da godiya." Ya ce, "Ya ƙarin haƙuri?" Ya sake yin shiru, ta sake amsawa. Haka ya bi gidan nan ɗaki-ɗaki, kowa da sunansa, kowa da shirun da aka ware masa, har almajirin da ke mana ɗiban ruwa, har tsohon da Baba ke zama da shi a gindin darbejiya bayan la'asar. Da ya zo kan Goggonka ya kira ta da sunan wasan da Baba kaɗai ke kiranta da shi, nan muryarsa ta karye. Bai kashe rikodar ba. Muka zauna muna jin babban mutum yana jan numfashi daga Legas, ba wanda ya iya ɗaga kai. Can zaren kaset ya sarƙe, telan ya ciro shi a hankali ya naɗe da biro, aka ci gaba. Daren nan sai da batir ya yi sanyi, muryar Yaya ta koma ja, sannan aka tashi.

Wata maƙwabciya ta ce, "To madalla, ai ya yi gaisuwa, ya huta da wahalar hanya." Inna ba ta ko dube ta ba, ta ce, "Murya ta iso, saura mai ita." Kuma ya zo. Bayan arba'in ya hawo jirgin ƙasa, ta Kaduna da Kafanchan da Kuru da Bauchi, ya sauka tashar Gombe duk ya yi baƙi da ƙura. Ya durƙusa gaban Inna, maganar da ya yi ba ta kai rabin ta cikin kaset ba. Amma yana ɗaga kai ya ga inda rufin ɗakinta ke yoyo, ya leƙa rumbu ya ga hatsi ya yi ƙasa, ya lura ƙafarta ta kumbura. Duk cikin nan ba abin da muka rubuta masa, ita kuma ko za a shekara ana tambayarta "lafiya lau" za ta ce. Bai koma ba sai da aka gyara rufin.

Baba yakan ce zumunci a ƙafa yake, kuma zuwa da kai ya fi aike. Kakarmu kuma nata zancen shi ne, wanda ya aiko ya tuna da kai, wanda ya zo shi ya ga halin da kake ciki. Muna yara muna ɗauka faɗa ce kawai irin ta tsofaffi.

Kada ka ce Bappa na gaba da waya. Da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, layi kaɗai ya haura naira dubu 20, kuma da ta iso mana ina cikin waɗanda suka yi murna, don na san abin da ake ji in uba ya kwana bakwai a ƙasa ɗansa bai sani ba. Yau ƙanwarka na Makka ina ganin fuskarta daga ɗakina. Wannan ni'ima ce. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake sa hoton mamaci a waya tun ba a yi masa wanka ba, 'yarsa ta ciki ta gani a can kafin wani babba ya zaunar da ita ya faɗa mata. Da yadda mutum hamsin za su kwafi addu'a ɗaya su liƙa, ba wanda ya san sunan yaran da aka bari. Ko a zaman makokin nan na Kumo na ga samari a kan tabarma, malam na addu'a, kawunansu na ƙasa, yatsa na tafiya. Sun zo da ƙafa, amma ban san me suka gani ba.

Malamai sun ce kwana uku ne zaman ta'aziyya, amma wanda ke nesa in ya iso daga baya ba a rufe masa ƙofa. Goggonka kuma wata huɗu da kwana goma za ta yi a ɗaki, ba inda za ta. Kwanakin farko gida cike yake, ba ta ma tantance wa ya zo. Bayan arba'in ne tabarmi ke naɗewa, kowa ya kama gabansa.

Saƙon da ka tura, autarta ta kunna mata a gabana. Ka yi shi da ladabi, sai dai a guje ka yi, ba ka bar mata inda za ta amsa ba. Ka kira ta baki da baki, da hantsi, kada ka kira tsakanin magariba da isha, lokacin lazuminta ne. Ka tambayi yaran ɗaya bayan ɗaya. In an ba ka hutu a wurin aiki ka biyo ta gidana a Jekadafari mu tafi tare, Kumo ba ta kai awa guda ba a hanyar Yola. Ka gaida mai ɗakinka, ka ce mata har yanzu ba ta kawo mini jikana na gani ba.