An gayyace ni kwamitin tsara ma'aunin ingancin gyaɗa: me ake buƙata daga gare ni?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman gyaɗa da mata masu matsar mai da suyar ƙuli-ƙuli a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Taura, Jihar Jigawa. An aiko wa ƙungiyarmu takardar gayyata zuwa zaman kwamitin ƙwararru da zai duba ma'aunin ingancin gyaɗa, haɗe da daftarin ma'aunin, kuma ni aka zaɓa in je. Ina karanta Turanci daidai gwargwado, amma ban taɓa zama da farfesoshi da manyan 'yan kasuwa ba. Ta yaya zan shirya, kuma ta yaya maganata za ta yi tasiri?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Abin da ya kamata ka fara sani shi ne, ba a gayyace ka don ka goga kafaɗa da farfesa a ilimin sinadarai ba. An gayyace ka ne saboda ka san yadda gyaɗa ke fitowa daga gona, da yadda ake shanya ta, da yadda take kwana a rumbu har ta isa hannun dillali, kuma wannan sani ne da sau da yawa ake rasa shi a teburin.

A Najeriya, hukumar da ke da alhakin tsara irin waɗannan ma'aunai ita ce Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, wato SON, wadda aka kafa a 1971, kuma a yanzu take aiki da dokar 2015. Jami'anta ne ke riƙe sakatariyar kwamiti, amma su mambobin ana ɗebo su ne daga masana'antu, da jami'o'i, da hukumomi irin su NAFDAC, da wakilan manoma da masu saye. Idan kwamiti ya gama, sai a miƙa daftarin ga majalisar hukumar, ita ce ke amincewa da shi ya zama ma'aunin ƙasa mai ɗauke da lambar NIS, wato alamar ma'aunan ingancin Najeriya. Galibi ba a fara rubutu daga farar takarda. Ana aro ne daga ma'aunan ISO, ƙungiyar tsara ma'aunai ta duniya da ke Janiba, ko ARSO, takwararta ta Afirka da ke Nairobi, ko kuma Codex, hukumar da FAO da WHO, hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, suka kafa a 1963 domin ma'aunan abinci. Saboda haka tambayarka ta farko ga sakatariya ita ce, daga ina aka samo wannan daftarin, kuma waɗanne sassa aka canza.

Babban aikin a gida ake yin sa, kafin ranar zama. Ka karanta daftarin daga sashen farko, wanda ke fayyace abin da ma'aunin ya shafa, domin a nan za ka gane ko gyaɗa mai ɓawo ake nufi, ko ɓararriya, ko har da mai da ƙuli-ƙuli. Idan mai ba ya ciki, to duk ƙorafin matan ƙungiyarku a kan mai ba shi da mazauni a wannan zaman, kuma shugaban kwamiti zai dakatar da kai cikin ladabi. Daga nan ka ja layi a ƙarƙashin kowane adadi, ka kuma lura da kalmomi biyu: duk inda aka rubuta "shall", wajibi ne wanda za a iya ƙin karɓar kaya saboda shi, inda kuwa aka rubuta "should", shawara ce kawai.

Sai ka tara mambobinku, ka fassara musu adadin nan ɗaya bayan ɗaya. Ɗauki misalin danshi. Ma'aunin Codex na gyaɗa ya ƙayyade kada danshi ya wuce kashi 10 cikin ɗari a gyaɗa mai ɓawo, da kashi 9 a ɓararriya. Manomi yana gane bushewar gyaɗa ne ta hanyar girgiza ta a kunne ko ya ciza ƙwayar, amma kwamiti ba ya rubuta abin da haƙori ya ji. Ku nemi aron na'urar auna danshi daga malamin gona ko daga wani mai saye a Dawanau, ku auna buhunan mutane daban-daban, wanda ya shanya a kan tamfol da wanda ya shanya a ƙasa, wanda ya ɓare da wuri da wanda ya jinkirta, ku rubuta abin da kuka samu da kwanan wata. Takarda ɗaya mai ɗauke da irin wannan awo ta fi dogon jawabi a kan wahalar talaka nauyi.

Ra'ayi a rubuce ake aika shi, kuma cikin wa'adin da aka bayar. Yawanci sakatariya kan haɗo da fam mai gidaje: lambar sashe, nau'in gyara, wato ko na gaba ɗaya ne, ko na fasaha, ko na rubutu kawai, sannan dalili, sannan kalmomin da kake son a sa a madadin na daftarin. Wannan gida na ƙarshe shi ne sababbin mambobi suka fi bari fayau, alhali shi ne mafi muhimmanci. Wanda ya rubuta "wannan sharaɗi ya yi tsauri" ya ba sakatariya damar ta rubuta "an lura" ta wuce. Wanda kuwa ya rubuta cewa injin ɓarar gyaɗa da ake haya a ƙauyuka yana fasa ƙwaya fiye da abin da daftarin ya yarda, ga awon da suka yi, don haka a raba kayan gida biyu, daraja ta ɗaya ta tsaya a kan adadin daftarin, daraja ta biyu a ɗan sassauta, to dole a tattauna maganarsa, a kuma rubuta dalilin karɓa ko ƙi.

A nan ne nake son ka yi hattara, domin sharuɗɗan iri biyu ne. Akwai na daraja, kamar fasasshiyar ƙwaya da girma da launi, waɗanda ciniki ne, ana iya ja-in-ja a kansu. Akwai kuma na lafiya, waɗanda ban ga dalilin da zai sa wakilin manoma ya nemi a sassauta su ba. Gubar aflatoksin, wadda fumfuna ke haifarwa a gyaɗa da masara, tana jawo ciwon dajin hanta, kuma a 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya bayan sun ci gurɓatacciyar masara. Codex ta sa iyakarta a maikurogiram 15 (maikurogiram ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram) a kowane kilo na gyaɗar da za a ƙara sarrafawa, Tarayyar Turai kuwa ta tsaya a 4 ga wadda za a ci kai tsaye. Gyaɗar da kamfani ya ƙi ba ta ɓacewa, komawa take yi gida a yi ƙuli-ƙuli da kunu da ita, 'ya'yanmu su ci. Haka kuma sassaucin cikin gida ba ya buɗe kasuwar waje: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar sinadarin da ke cikin fiya-fiya, wanda iyakarsa a wurinsu miligiram 0.01 ce a kilo. Abin da ya dace ka nema a wannan fannin shi ne a fayyace hanyar kaiwa ga sharaɗin, da wanda zai biya kuɗin gwaji, da inda za a yi shi.

Sashen ɗaukar samfur, wanda yake can ƙarshen daftari kuma mutane kan tsallake shi saboda gajiya, ya cancanci ka zauna a kansa. Gubar ba ta bazuwa daidai a cikin buhu. Ƙwayoyi kaɗan ne ke ɗauke da ita da yawa, shi ya sa tsarin Codex ya nemi samfur mai nauyin kilo 20 na ɓararriyar gyaɗa. Ga mai lodin tirela wannan ba komai ba ne, amma ga manomi mai buhu uku asara ce babba. Ka tambaya ko za a yarda ƙungiya ta tara kayan mambobinta wuri ɗaya a gwada su a matsayin kaya guda.

A ranar zama, ka sani cewa waɗannan kwamitoci da fahimtar juna suke aiki, ba da yawan hannu ba. A ƙa'idar ISO, ana cewa an cimma matsaya idan babu wani muhimmin ɓangare da ya dage a kan adawa da wani batu mai tushe, ba wai sai kowa ya yarda ba. Ma'anar wannan a aikace ita ce shirunka amincewa ne. Kunyar da ke hana mu musa wa babba a bainar jama'a ɗabi'a ce mai kyau a zaure, amma a nan za a rubuta cewa manoma sun amince. Ka nemi izinin shugaba, ka ambaci lambar sashe, ka faɗi dalilinka a taƙaice, idan ba a karɓa ba ka roƙi a rubuta adawarka. Sai dai ka zaɓi abu biyu ko uku da za ka dage a kansu, ka saki sauran, domin wanda ke adawa da kowane layi ba a daɗe ana sauraronsa. Idan kana da wata alaƙar kasuwanci da wani kamfanin da ke teburin, ka bayyana tun farko, kuma kada ka yaɗa daftarin a kasuwa a matsayin doka alhali ba a amince da shi ba.

Kafin ka kama hanya, ka tambayi sakatariya ko akwai kuɗin mota da masauki, domin sau da yawa ƙungiyar da ta turo wakili ce ke ɗaukar nauyinsa. Idan kuma ta intanet za a yi, ka tafi inda sabis ke da ƙarfi, Ringim ko Dutse, da cikakken caji. Bayan zama za a aiko da rubutaccen bayanin taro da sabon daftari. Ka gwada su da abin da ka rubuta a littafinka sashe bayan sashe, domin gyaran da aka amince da shi da baki yakan faɗi wajen buga takarda, kuma idan aka riga aka wallafa ma'aunin, bisa al'adar ISO sai bayan shekara biyar ake sake waiwayarsa, in ba wani dalili mai ƙarfi ne ya taso ba.