Ba lamba tara ne matsalarku ba

Ƙanena, na karanta tambayarka. Ka ce ƙungiyarku ta nan Birnin Kebbi tana buga gasar ƙwallon ƙafa ta jiha, bayanku a kulle yake, ba a cika cin ku ba, amma ku ma raga ta gagare ku, yau canjaras gobe canjaras. Kana son sanin ko sabon lamba tara, wato ɗan gaba mai zura ƙwallo a raga, za a nemo, ko kuwa koci za a sallama. Na taka leda a tsakiya ina saurayi a Argungu, yanzu yara nake koyarwa, kuma na kalli wasanku a filin Haliru Abdu. Don Allah ku bar yaron nan na gaba ya huta da zagi.

Ga abin da idona ya gani. Gola ya kama ƙwallo, ko ɗan baya ya ƙwace, kafin ka ƙifta an narka ta sama. Lamba taranku shi kaɗai ne tsakanin ƙarti biyu, ya ba raga baya. Ko ya yi sa'a ya taɓa da kai, babu kowa kusa da zai ɗauki wadda ta faɗo. 'Yan tsakiyarku uku duk masu tare hanya ne, ƙarfi da gudu akwai, amma ban ga ɗaya da ke buɗe jiki ya nemi a ba shi, ya juya ya fuskanci raga ba. Kun aiki mutum kasuwa aljihu wayam, kuna jiran cefane. Ko wa kuka kawo, haka zai tsaya.

Ka tuna lokacin da Kano Pillars ta ɗauki kofin Firimiyar Najeriya sau uku a jere, 2012, 2013 da 2014. Gambo Muhammad na gaba, amma bayansa akwai Rabi'u Ali, mai tsayawa a ɗan filin nan da ke tsakanin 'yan tsakiyar abokan hamayya da 'yan bayansu, ya karɓa, ya ɗaga kai, ya zura. Wannan gurbin ne babu kowa a cikinsa a ƙungiyarku. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne irin waɗannan yara muna da su. Je ka filayen unguwa da la'asar a Jega ko Yawuri ko Zuru, za ka ga ɗan siririn yaro yana yanka mutum uku a wuri ɗaya. Ranar da ya shigo ƙungiya sai a ce ba shi da jiki, ko yana riƙe ƙwallo da yawa. Ya yi yanka sau ɗaya aka ƙwace, 'yan kallo su taso da "buga gaba! fitar da ita!", koci ya cire shi. Mako na gaba ko dai yana benci, ko ya koyi dokawa sama kamar kowa don ya tsira da rigarsa.

Kocin ma ban ce a kore shi ba. Mutumin da ya san wasa biyu aka ci shi masu ƙungiya za su nemo wani, dole ya tara mutane a baya. Amma a zauna da shi a yi lissafi: nasara maki 3 ce, canjaras maki 1. Wasa huɗu duk canjaras maki 4 ke nan. Wanda ya ci biyu aka ci shi biyu yana da 6. Mai son haurawa gasar Nationwide ta rukuni na uku a ƙasa, balle NNL ta rukuni na biyu, ba zai kai ba da tsoro. Shugabanninku su faɗa masa da bakinsu cewa kujerarsa ba ta rawa don an ci shi yana kai hari.

Gyaran kuma a atisaye yake. Yawancin ƙananan ƙungiyoyinmu rabin lokacin atisaye a zagaye fili yake tafiya, sauran a raba riguna a buga sha ɗaya da sha ɗaya. A irin wannan, yaro zai iya yin minti biyar ƙwallo ba ta zo ƙafarsa ba. A rage gudu, a yanka fili ƙanana. Huɗu da biyu a da'ira, taɓawa biyu kawai. Biyar da biyar, da sharaɗin ba a lissafa ci sai ƙwallo ta bi ta ƙafar ɗan tsakiya. Uku su taso wa biyu su ƙare da bugu a raga, a maimaita har jiki ya haddace. Kuma kowane yaro a koya masa waiwaye kafin ƙwallo ta iso, ya san wa ke bayansa tun bai taɓa ba. Wannan ɗabi'a ɗaya tak ta canza yarana fiye da duk wani zane da na taɓa yi a allo.

Na san za a ce filayenmu ba su yarda da fasin ƙasa ba. Gaskiya ne, ƙasa ta bushe, ƙwallo na tsalle. To amma iskar hunturu fa, ita ta yarda da ta sama? A zafin Maris da Afrilu kuwa, da rana ke wuce maki 40 a ma'aunin zafi a nan, wanda ke bin ƙwallo shi ke fara gajiya, ba mai riƙe da ita ba. Ban ce ku zama Barcelona ba. Doguwar ma a buga ta da niyya: a nufi bayan ɗan bayansu na gefe, inda mai gudunku zai riga shi, lamba goma da lamba takwas na tsakiya su matso su jira wadda za ta faɗo. Tun 2019 doka ta ba ɗan baya damar karɓar bugun gola a cikin da'irar sha takwas, ku riƙa amfani da ita ko don ku jawo su su fito, bayansu ya buɗe.

'Yan gefenku kuma su daina ɗaga kuros daga nesa zuwa kan mutum ɗaya. Su kai layin ƙarshe su mayar da ita baya a ƙasa wajen ɗigon fanareti, aƙalla mutum uku na shigowa. Kwana da firikik a ware musu lokacinsu ranar jajibirin wasa, kowa ya san inda zai tsaya.

A wasanku na gaba ka zo da takarda da biro. Ka rubuta sau nawa ɗan tsakiyarku ya karɓa ya juya gaba, da kuma mutum nawa ke cikin sha takwas duk lokacin da aka yi kuros. Ka kai wa koci ku biyu kaɗai, ba a gaban yara ba, sannan ka roƙe shi ya ba ɗan siririn nan da ke benci wasa uku a jere ba tare da an cire shi ba.