Tambaya da Amsa: Imatinib da Sauran Magunguna Masu Toshe Kinas

Wasiƙu huɗu daga cikin na wannan makon sun faɗo a kan dangin magani ɗaya, shi ya sa muka haɗa su wuri guda. Kamar kullum, mun sakaya sunayen masu tambaya.

Tambaya daga wani magidanci a Garwa: Ƙanena ya rame, cikinsa ya kumbura ta ɓangaren hagu. Aka ce saifarsa ce ta girma, fararen ƙwayoyin jininsa kuma sun yi yawa. A Yawunde aka ce sankarar jini ce mai tafiya a hankali, aka ɗora shi a kan imatinib, ƙwaya ɗaya kullum. Yaya ƙwaya ɗaya za ta iya da sankara, babu ƙarin ruwa babu gashi da na'ura? Yanzu ya samu sauƙi sosai. Zai iya dainawa?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara masa lafiya. Bari mu fara da ta ƙarshe domin ita ta fi gaggawa: kada ya daina.

A cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum akwai wasu furotin da ake kira kinas, guda 518 bisa ƙidayar da aka wallafa a 2002. Aikinsu shi ne su ciro fosfat daga wani sinadari mai suna ATP su manna wa wani furotin, wannan mannawar ce ke ba ƙwayar halitta umarni ta rabu biyu, ko ta dakata. A jikin mai lafiya, kinas yana kunnuwa ya kuma mutu a kan lokaci. A cutar ƙanenka, wani guntu na kuromozom na 9 (kuromozom shi ne zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) ya yi musanya da guntun na 22 a cikin ɓargo, haɗuwar ta haifar da gurɓataccen kinas mai suna BCR-ABL. Shi wannan kamar makunnin injin niƙa ne da ya maƙale a kunne: ɓargo na ta zubo fararen ƙwayoyin jini ba tsayawa, saifa na cika da su har ta kumbura. Nowell da Hungerford ne suka fara ganin gajeren kuromozom ɗin a birnin Filadelfiya na Amurka a 1960, Janet Rowley kuma ta gano a 1973 cewa musanya ce.

Imatinib yana shiga daidai ramin da ATP ke zama a jikin BCR-ABL, ya toshe shi. Tunda ƙwayoyin cutar da wannan kinas ɗin suke rayuwa, sai su mutu, lafiyayyu kuma su ci gaba da harkarsu. Shi ya sa bai cika zubar da gashin kai ko kayar da mutum kamar maganin sankara na ƙarin ruwa ba. A gwajin farko da Brian Druker ya jagoranta daga 1998, cikin mutum 54 da suka sha miligiram 300 zuwa sama, 53 jininsu ya daidaita. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Mayun 2001 da sunan Gleevec, wanda a nan muka fi sani da Glivec. Kafin zuwansa, yawancin masu cutar shekara 3 zuwa 5 suke yi. A babban binciken da ya bi masu shan sa shekara 10, kimanin kashi 83 cikin 100 suna raye.

To amma sauƙin da kuke gani da ido, da ma daidaituwar ƙididdigar jini, ba su nufin cutar ta ƙare. Akwai ƙwayoyin asali da ke kwance a ɓargo waɗanda maganin ba ya kashewa, danne su kawai yake yi. Awon da ke nuna gaskiya shi ne PCR na BCR-ABL, wato awon jini da ke nuna yawan BCR-ABL ɗin da ya rage. Abin da ake so: kashi 10 cikin 100 ko ƙasa a wata na 3, kashi 1 ko ƙasa a wata na 6, sannan 0.1 ko ƙasa a wata na 12. Na'urar GeneXpert da ake awon tarin fuka da ita tana iya wannan awon idan an samu kwanson gwajin da aka yi don shi, saboda haka ku tambayi likitansa inda ake yi kafin ku ɗauka sai an fita waje.

Yadda ake sha: miligiram 400 sau ɗaya a rana, a tsakiyar cin abinci, da babban kofin ruwa, domin a kan yunwa yana tayar da zuciya. In ya manta har lokacin na gaba ya matso, ya bar wanda ya wuce, kada ya haɗa biyu. A watan farko ana ƙididdigar jini kowane mako. Idan fararen ƙwayoyin da ake kira nitirofil suka sauka ƙasa da 1,000, ko ƙwayoyin daskarar da jini ƙasa da 50,000, likita zai tsayar da maganin na ɗan lokaci, ba majinyaci da kansa ba. Kumburin fatar ido da safe, ɗaurewar jijiyar ƙafa, gudawa da ƙuraje abubuwa ne da aka saba gani, kuma akasari ana iya lallaɓa su. Amma ƙiba kwatsam cikin 'yan kwanaki, haki, zazzaɓi ko idon da ya yi rawaya, waɗannan na komawa asibiti ne a ranar.

Inda aka fi yin asara shi ne tsallake kwanaki. Wani bincike da aka yi a asibitin Hammersmith na Landan, aka wallafa a 2010, ya nuna cewa waɗanda suka sha sama da kashi 90 na ƙwayoyinsu, kusan kashi 95 cikin 100 sun kai matakin 0.1 ɗin nan. Waɗanda suka gaza haka, kashi 28 kacal. Kashi 90 fa na nufin kada a rasa fiye da ƙwaya 3 a wata. Ga mutumin Garwa da ke karɓo magani daga kudu, wannan lissafin hanya ne: a tashi neman sabo tun saura mako 3, musamman da damina. Gidauniyar Max tana raba maganin kyauta ga masu wannan cuta a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ta hannun likitocin da suka yi rajista da ita, ku tambaya a sashen jini.

Akwai waɗanda ake gwada tsayar musu da magani, gaskiya ne. Sharaɗin shi ne an sha aƙalla shekara 3, awon ya zauna a 0.01 ko ƙasa na shekara 2, kuma za a iya yin PCR kowane wata bayan an tsaya. Ko a hakan, kusan rabi cutar na dawo musu, yawanci cikin wata 6 na farko. Inda ba a da awon wata-wata, a ganinmu bai kamata ma a buɗe wannan maganar ba.

Tambaya daga wata ma'aikaciyar jinya a Marwa: Muna da mai shan imatinib da aka samu da tarin fuka. A fara masa magani yadda aka saba? Kuma yana son yin azumi.

Amsa: 'Yar'uwa, kin yi daidai da kika tsaya kika tambaya. Rifamfisin da ke cikin haɗin maganin tarin fuka yana zaburar da wani inzayim na hanta mai suna CYP3A4, shi ne kuma ke narkar da imatinib. Sakamakon, yawan imatinib a jini na faɗuwa da kimanin kashi 74 cikin 100. Majinyaci na haɗiyar ƙwayarsa kullum amma tamkar rubu'i yake sha, cutar ta farfaɗo, a ɗora laifin a kan jabun magani. Ba a fasa maganin tarin fuka saboda wannan. Abin yi shi ne a kira likitan jinin tun kafin ƙwayar farko: ko dai a ƙara imatinib da aƙalla rabi, wato daga 400 zuwa 600 ko sama, ana bin jini a kai a kai, ko a sauya rifamfisin inda akwai madadi. Idan an gama wata 6 na tarin fuka, a tuna a mayar da adadin yadda yake. Wannan matakin ne ake yawan mantawa.

Magungunan farfaɗiya irin su fenobarbital, karbamazefin da fenitoyin su ma haka suke rage shi. Ritonabir da ke cikin wasu magungunan HIV da ketokonazol kuwa akasin haka ake tsoro, suna iya tara shi a jini. A kuma yi awon ciwon hanta nau'in B kafin farawa, domin ƙwayar cutar da ta kwanta tana iya tashi, a yankinmu kuwa ba baƙuwa ba ce. Mace mai shekarun haihuwa dole a yi mata maganar tsarin iyali, saboda maganin na iya lahanta ɗan tayi.

Azumi: tunda sau ɗaya ake sha kuma da abinci, mai ƙarfin jiki da jininsa ya daidaita zai iya mayar da shi lokacin buɗa-baki, bayan ya ci abinci sosai, ba a kan dabino da kunu kawai ba. Nilotinib, wani ɗan'uwan imatinib, shi ne mai wuya, domin sau biyu ake shan sa da tazarar kimanin awa 12, kuma ciki babu komai: awa 2 bayan abinci, awa 1 kafin na gaba. Abinci na ƙara shigarsa jini har ya taɓa bugun zuciya. Mai shan wannan ya zauna da likitansa da malaminsa tun cikin Sha'aban.

Tambaya daga wata uwargida a Njamena: Maigidana na da kansar hanta. An ce akwai ƙwaya irin ta masu sankarar jini da ake kawowa daga Indiya. Mu saya?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi sauƙi. Muna jin sorafenib ko lenbatinib ake nufi. Su ma masu toshe kinas ne, amma kada a sa musu ran da ake sa wa imatinib. Sankarar jinin can kinas ɗaya ke tuƙa ta, kansar hanta kuwa lalacewa ce ta wurare da yawa, in an toshe nan ta bi can. A gwajin da ya sa aka amince da sorafenib a 2007, matsakaicin tsawon rayuwa wata 10.7 ne, waɗanda ba su sha ba kuma 7.9. Wannan ma ga masu hantar da ke aiki da kyau ne. Idan ciki ya tara ruwa, ido ya yi rawaya, ko yana ruɗewa, illar ta fi amfanin: gudawa, hawan jini, saɓulewar tafin hannu da na ƙafa. Kada ku sayar da kadara kafin likita ya auna ƙarfin hantar. Ki kuma kai kanki da yara awon ciwon hanta nau'in B, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi, a kuma raba gidan da gyaɗa ko masarar da ta yi hunhuna, domin duk waɗannan na iya jawo kansar hanta.

Tambaya daga wani ɗalibin kimiyya a Ngaundere: Ta yaya ake gano irin waɗannan magunguna? Me ya hana a yi na zazzaɓin cizon sauro?

Amsa: Ɗanmu, ana farawa da tabbatar da cewa kinas ɗin ne ke riƙe da cutar, ta hanyar kashe ƙwayar gadonsa a ga ko cutar ta tsaya. Sai a samar da shi zalla, a zuba a faranti mai ramuka 384 ko 1,536, na'ura ta gwada dubban ɗaruruwan sinadarai a kansa. Waɗanda suka nuna alama, masana haɗa sinadarai su yi ta sauya musu fasali har ɗan mitsitsin adadi, a ma'aunin nanomola, ya isa ya rage aikin kinas ɗin da rabi. Daga nan wahalar ke farawa. Ramin ATP kusan iri ɗaya ne a duk kinas, don haka sai an gwada sinadarin a kan ɗaruruwan 'yan'uwansa a ga wa ya taɓa bisa kuskure. Sannan a duba ko hanji na tsotse shi, ko hanta na cinye shi da wuri, ko yana taɓa wata ƙofar furotin mai suna hERG da ke daidaita bugun zuciya. Bayan dabbobi sai mutane a mataki uku. Kusan 9 cikin 10 na waɗanda suka kai gwajin mutane ba sa fitowa kasuwa, tafiyar kuma kan ci shekara 10 zuwa 15. Duk da haka an amince da sama da 70 zuwa yanzu, kuma ba na sankara kaɗai ba: barisitinib na ciwon gaɓoɓi ne, kuma a Janairun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi ga masu korona mai tsanani.

Cutar ma ba ta zama. Sauyin amino asid (tubalin da ake gina furotin da shi) ɗaya tak a matsayi na 315 na BCR-ABL, wanda ake rubutawa T315I, ya isa ya hana imatinib, dasatinib da nilotinib zama a ramin. Ponatinib na 2012 an ƙera shi ne ya kauce wa wannan cikas, sai dai yana toshe jijiyoyin jini ga wasu. Asiminib na 2021 ya bar ramin ATP gaba ɗaya, ya kama wani lungu daban.

Na cizon sauro an gwada, kuma a Afirka. Cibiyar H3D ta Jami'ar Kef Tawun, ƙarƙashin Farfesa Kelly Chibale, tare da ƙungiyar MMV mai neman magungunan zazzaɓin cizon sauro, ta fito da MMV048 mai toshe wani kinas na ƙwayar cutar da ake kira PI4K. Ya kai gwaji a kan majinyata a Habasha. Sai aka ga 'ya'yan ɓerayen da aka ba uwayensu maganin suna zuwa da huda a tantanin da ya raba ƙirji da ciki, ana kuma zargin ya taɓa kinas na ɓeran ne. Maganin zazzaɓi kuwa mata masu ƙaramin ciki da ba su ma san da shi ba za su sha, don haka aka dakatar da shi. Yanzu ana aiki a kan wasu sinadaran na PI4K da suka fi tsame na ƙwayar cutar daga na mutum, da kuma wasu kinas biyu nata, PfCLK3 da PfPKG. In wannan fagen kake so, ka riƙe darasin haɗa sinadarai da na inzayim da kyau, su ne ake tambaya a ƙofar shiga.