Kun Tambaya, Mun Amsa: Gwajin Kimiyya da Yara a Tsakar Gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Na so in nuna wa yarana, mai shekara 5 da mai shekara 7, yadda balan-balan ke kumbura a bakin gora ba tare da an hura ba. Kumfa ta tashi, amma balan-balan ko motsi. Ina matsalar? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Fara duba garin da kika sa. Bekin soda ake so; bekin hoda an riga an gauraya ta da wasu abubuwa, iskarta ba ta da yawa. Ki zuba ruwan khal, wato binega, mililita 100 a gorar roba mai santilita 50. Ki hura balan-balan ɗin sau biyu ki sace iskar, domin sabo yana da tauri. Sai ki ɗura sodar cokalin shayi biyu a cikinsa da mazurarin takarda, ki sa bakinsa a bakin gorar yana lilo a gefe, ki ɗaure da kyauro. Kafin ki ɗaga shi garin ya zuba, tambayi yaran me suke zaton zai faru, ki bar kowa ya faɗi nasa.

Tsamin khal da sodar ne ke haɗuwa su fitar da iskar kabon dayoksaid, wadda a wannan ma'auni ta kusan lita 2. In garin ya faɗa ruwan kafin a rufe baki, iskar ta tsere ke nan. Kada a rufe gorar da murfinta, za ta iya fashewa. Sodar yin sabulu kuwa kada ta kusanci wannan wasa ko kaɗan, tana ƙona fata da ido.

Tambaya: Ina koyar da 'yan aji biyu a ƙauye, ba khal ba soda a shagunanmu. Akwai abin da zan yi? Daga wani malamin firamare a Jigawa.

Amsa: Malam, abin da ke hannunka ya fi khal da soda, a ganinmu: zoɓo, kanwa da lemon tsami. Jiƙa busasshen zoɓo cikin tafi ɗaya a ruwan zafi kofi biyu na minti 10, kai da kanka, ka tace ya huce. Ka sirka da ruwa har haske ya riƙa ratsa shi, ka raba a kofuna uku masu garai-garai. Na farko a bar shi don kwatance. Na biyu a matsa rabin lemo, jansa zai ƙara haske. Na uku a riƙa ɗiga ruwan kanwa, wato kanwa rabin cokalin shayi da aka narka a rabin kofin ruwa aka tace, ana motsawa har ya juye zuwa kore mai duhu. Daga nan ka miƙa wa yaro lemo ya ɗiɗɗiga a ciki: jan zai dawo, sau da yawa har da 'yan kumfa.

Sinadarin da ke ba zoɓo launi, antosayanin, yana sauya kama gwargwadon tsamin ruwan. Zoɓo da kansa yana da tsami, don haka ɗigon farko na kanwa ba ya nuna komai. A ci gaba a hankali. In ruwan ya yi kauri, baƙi kawai yara za su gani. In kanwa ta yi yawa kuma aka bar shi ya daɗe, sinadarin ya lalace, ya koma ruwan ƙasa, lemo ba ya dawo da shi. Ka gaya musu tun farko cewa wannan zoɓon ba na sha ba ne.

Tambaya: A Janairu mun goga balan-balan a gashi ya ɗauki guntayen takarda, a Agusta ya ƙi. Me ya sa? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

Amsa: Danshin damina ne, 'yar uwa. Gugar tana tara cajin lantarki a jikin balan-balan, laima kuma tana zurar da shi. Busasshiyar iskar hunturu ce lokacinsa. In ba za ku jira ba, ku shanya balan-balan da ƙyallen ulu, wanda za ku goga a jikinsa, a rana na ɗan lokaci, ku yayyaga takardar ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Balan-balan ɗin da ya fashe a kwashe shi nan take, ƙaramin yaro na iya shaƙewa da shi.