Ina zaune a Mararraba, ina aiki a Abuja: wace hukuma ce ke da harajina?

Tambaya: Gidana yana Mararraba ta jihar Nasarawa, amma kamfanin da nake yi wa aiki yana Abuja. Kowane wata ana cire mini haraji daga albashi, sai dai da na nemi takardar shaidar biyan haraji a jiharmu, an ce babu sunana. Ina kuɗin suke tafiya?

Amsa: A Najeriya harajin albashi yana bin mazaunin ma'aikaci ne, ba wurin da ofishinsa yake ba. Wannan ƙa'ida tana cikin dokar harajin kuɗin shiga ta 1993, kuma sabuwar dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026 ta bar ta yadda take. Abin da ake dubawa shi ne inda kake zaune da gaske a farkon shekara, wato gidan da kake kwana kake tashi, ba otal ko masaukin baƙi da aka sauke ka na 'yan kwanaki ba. Saboda haka harajinka na hukumar tattara kuɗin shiga ta jihar Nasarawa ne.

Abin da ya fi yawan faruwa shi ne akawun kamfani ya haɗa harajin kowa a takarda ɗaya ya tura wa hukumar harajin Abuja, don ya huta da wahalar rarrabawa. Wannan kuskure ne, kuma alhakinsa yana wuyan kamfanin, domin shi doka ta ɗora wa cire kuɗin da miƙa su ga jihar da ta dace kafin ranar 10 ga watan da ke biye, sannan ya gabatar da lissafin shekara kafin ƙarshen Janairu. Abin yana damuna ƙwarai, ganin cewa titunan da kake bi da asuba da makarantar 'ya'yanka duk na Nasarawa ne. Sojoji da 'yan sanda suna cikin waɗanda ba sa bin wannan tsari, hukumar haraji ta tarayya ce ke kula da sha'anin harajinsu.

Ka tattara takardun albashinka da suka nuna abin da aka cire, da rasit ɗin kuɗin hayar gidanka, ka rubuta wa sashen albashi wasiƙa cewa a gyara adireshinka, a kuma ba ka shaidar inda aka tura kuɗin. Kada ka yarda ka sake biya daga aljihunka. Ka hanzarta, domin takardar shaidar tana duba shekaru 3 da suka wuce.